Farar kujerar Baba

Kuskurena na farko a wannan shekarar shi ne na yarda da hoto. Gara in faɗa da bakina kafin Hajara ta riga ni, domin ita idan ta ɗauko labarin nan, sai ka ɗauka ban tsinana komai ba a duniya in ban da kai Baba wurin buhunan masara. To, na kai shi. Amma akwai abin da ya faru kafin buhunan, akwai kuma wanda ya faru bayansu, kuma saboda ku ƙannena da kuke ƙanana a lokacin nake rubuta wannan babi, don kada ku girma da labarin Hajara kaɗai. Na san akwai masu cewa yaron da bai kai shekara ashirin ba ina ya ga tarihin da zai rubuta. Su ba su taɓa goya Baba a babur ba.

Ga yadda aka yi. Da kaka, ana kwaso dawa daga gona a garinmu Gude, ɗaya daga cikin shanunmu ya tsorata da ƙarar wata mota, ya fizgi amalanke, Baba ya faɗo daga saman kaya ya karye a cinyar hagu. Mai ɗori ya yi aikinsa, Baba ya kwanta wata da watanni, ƙashi ya haɗe. Da ya tashi sai ƙafar ta zama kamar ta aro. Tana takawa, amma ba ta lanƙwasuwa. Gwiwa ta sandare kamar taɓarya. Aka sayo masa farar kujerar roba irin ta gidan biki, a kanta yake salla, ya ɗan sunkuyar da kai a ruku'u, ya ƙara sunkuyarwa a sujada. Liman da kansa ya zo har zaure ya ce masa sallarsa ta inganta, babu laifi ko kaɗan. Baba ya ce ya ji, ya gode. Sau ɗaya ya je masallacin ƙofar gida da kujerar, ya zauna a ƙarshen sahu kamar babban baƙon da aka gayyato rabon kyauta, daga ranar bai sake zuwa ba. Mutumin da tun kafin a haife ni shi ne a bayan liman. Cin abincinsa ya ragu, maganarsa da ma ba yawa, ta ƙare. Wata rana ina bayan danga, bai san ina wurin ba, na ji yana gaya wa Inna:

"Ni ba gudu nake so in yi ba, ba noma ba. Goshina kawai ya taɓa ƙasa."

Ku kun san halin gidanmu, amma saboda baƙon da zai karanta, bari in faɗa. Ni ne ɗan fari, mu kuwa asalinmu Fulani ne. Fillanci ya bar mu tun zamanin kakanmu, shanu sun ragu, kunya ce dai ba ta ragu ko da ƙwayar gero ba. Sunana Nafi'u, amma Baba bai taɓa furta shi ba, Inna ma haka. A gida ni ne "wancan". Idan Baba yana son ruwa kuma ni kaɗai ne a tsakar gida, sai ya kalli bango ya ce, "Ashe gidan nan babu ruwa." Idan kuwa magana ce mai tsawo, sai a kira Hajara, mai bi mini, ta tsaya a tsakaninmu kamar tafinta a kotu, alhali tazarar da ke tsakanina da shi ba ta fi tabarma ɗaya ba.

Likitan da ya duba hoton ƙafar a Gwarzo ya ce ƙashi lafiya lau, abin da ya rage shi ne motsa jiki. A riƙa kai shi Kano gashin ƙashi a asibiti, in babu hali a nemi gidan motsa jiki a kusa. Kano kuwa a wannan shekarar, da tsadar mai, nisanta ya kai na Makka. Sai na ɗauko wayata, na hau saman rumbu inda sabis yake kamawa, na bincika. Nan take ta nuna mini hoton wani wuri a Gwarzo: madubi daga bango zuwa bango, injuna suna sheƙi, ga wani ƙato a tsaye ƙirjinsa ya kai faɗin ƙofar zaurenmu. Ban tambayi kowa ba, ban je na gani ba. Na diro na ce wa Hajara ta gaya wa Baba an samu wuri, irin na ƙasar waje, mako biyu zai riƙa tsallake katanga.

Muka wayi gari Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, na goya shi a babur ƙafarsa a miƙe a gefe kamar sandar tsayar da motoci, Hajara ta maƙale a bayansa. Wayar ta kai mu har ƙofar wurin, ba ta yi ƙarya ba a nan. Allon ma yana nan, rana ta cinye rabin rubutun. Muka leƙa. Madubin yana nan daga bango zuwa bango, sai dai abin da yake nunawa buhunan masara ne, an jera su har rufi, madubi ya ninka su suka zama kamar abincin jihar Kano gaba ɗaya. Injin gudu guda ɗaya ya rage a lungu, an shanya barkono a kansa. Wani mutum da ke ɗinkin bakin buhu ya ɗago ya gaida Baba, suka gaisa har gajiya da iyali da dabbobi, sannan ya ce:

"Ai Alhaji kun makara. Mai wurin ya rufe tun bara. Wuta ba ta zuwa, man janareta ya gagara, samarin da ke zuwa duk sun tafi neman kuɗi. Injunan ma an sayar. Wannan ne ba wanda ya taya."

Baba ya daɗe yana kallon barkonon. Sannan ya juya ga Hajara.

"Gaya wa wancan, in masara ce muna da ita a gida."

Daga ranar na daina tambayar waya, na koma tambayar mutane. Duk ranar da ba makaranta sai in shiga Gwarzo in bi lungu-lungu, kuma a wannan yawon ne na fara ganin garin da idona, ba da idon yaron da aka aiko sayen gishiri ba. Shaguna a jere an garƙame su da kwaɗo, kwaɗon ya yi tsatsa. Teloli suna zaune a bakin keke suna hira da juna. Mai sayar da ƙanƙara ya koma sayar da gawayi. Idan na ce ina neman gidan motsa jiki, sai a kalle ni kamar na ce ina neman filin jirgi. Wani mai faci ya ce mini, "Yaro, wanda ya tako daga Madadi da ƙafa saboda kuɗin mota, wane motsa jiki ya rage masa?" Wata mai ƙosai ta ce in zo in yi mata daka, kyauta za ta bar ni in motsa. Har na fara fid da rai, sai wata yamma ina wucewa ta bayan layin masu walda na ji wata ƙara, kamar ana kayar da bijimi, ana kuma yi masa kirari.

Na bi ta wani tsukin lungu, na faɗa wani fili da aka zagaye da tsofaffin kwanukan rufi. Wallahi na tsaya baki buɗe. Samari ne kusan cikin mota guda, ba riga, gumi yana zuba kamar an yi musu wanka da man gyaɗa. Babu inji ko ɗaya, babu abin da ke neman wuta. Gwangwanayen fenti aka cika da siminti aka soka musu bututun ƙarfe. Ƙarafan birkin manyan motoci aka haɗa biyu-biyu da walda. Tayar tarakta tana kwance, wani siriri kamar ni yana juya ta daga wannan bango zuwa wancan. Madubinsu kuwa gilashin gefen mota ne, tafin hannu ɗaya, an ɗaure shi a jikin itace, mutum sai dai ya kalli damtsensa kashi-kashi. Duk abin da garin ya jefar, sun tsince shi sun mayar da shi ƙarfi. Masu dako ne, da 'yan acaɓa, da ɗaliban da suka gama karatu babu aiki. Mai wurin, Ɗanliti mai walda, shi ne ƙaton da ban taɓa ganin irinsa ba. Idan ya ɗaga hannu zai sosa ƙeya, sai damtsen ya tare hanya.

Na ce musu ni ma ina ɗagawa a gida, abin da ban taɓa yi ba. Aka kwantar da ni a benci, aka ɗora mini mafi ƙanƙantar gwangwanayen. Ya sauko a ƙirjina lafiya. Komawa sama ce ta gagara. Na ga kakannina, na ga shanun da muka sayar tun ina yaye, na fara kalmar shahada. Ɗanliti ya ɗauke shi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da rake.

"Ɗan Fulani, me ya kawo ka? Don na ga ba ƙarfe ba ne."

Na gaya masa komai, har maganar goshi. Ya daina dariya. Ya ce nan ba wurin Baba ba ne, su ƙara tauri suka iya, Baba kuwa laushi yake nema.

"Ka je Kabo, bayan tasha, tsohon gidan kallon ƙwallo. Ka tambayi Kofur Mato. Ka je da sassafe. Kuma duk abin da ka gani kada ka gudu."

Kafin in tafi ya haɗa mini 'yan gwangwanayen madara biyu da guntun bututu, ya ce in je in fara da su, don kada wata rana iska ta ɗauke ni. Na kai su gida na ɓoye a bayan rumbu.

Gidan kallon shi ma janareta ce ta kashe shi. Bencina an jingine su a bango, allon da ake rubuta wasanni yana nan da ragowar alli. Na tura ƙofar langa-langa da sallama, rana tana shigowa ta hujojin kwano kamar an zuba tsabar haske a ƙasa, sai na ga ƙafafu biyu a sama inda ya kamata kai ya kasance. Tsoho ne, gemunsa fari fat, ya kafa kansa a kan tabarma, jikinsa a miƙe kamar turken da aka auna da igiya, ko rawa ba ya yi. Ya amsa sallamata a haka, yana kallona daga ƙasa. Na tuna Ɗanliti ya ce kada in gudu, amma gaskiya ƙafafuna ne suka ƙi. Sannan ya sauko, ba faɗuwa ba, a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zuba zuma daga ludayi. A bayansa dattawa ne a kan tabarmi, mutanen da na saba gani suna tafiya da sanda a kasuwa: wani ya kama yatsun ƙafarsa, wani ya kwanta ruf da ciki ya ɗago ƙirji, wani mai rawani ya ajiye rawaninsa a gefe yana jan numfashi ido a rufe. Ba kiɗa, ba ihu. Ban taɓa shiga wurin da tsofaffi suka taru aka yi shiru haka ba, ko a gidan makoki.

Kofur Mato tsohon soja ne. Ya ce da aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, sansaninsu yana kusa da na sojojin Indiya, shi kuwa bayansa ya riƙe har ba ya iya ɗaura takalmi. Wani daga cikinsu ya koya masa wannan abin, sunansa yoga. Ya dawo gida da shi, ya yi ta yi shi kaɗai a ɗaki shekara da shekaru, mutane suna cewa yaƙi ya taɓa masa kai. Sai da wani maƙwabcinsa da ya kasa sunkuyawa ya gwada ya ji daɗi, sannan aka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa ya zo duba wani ne.

Da Hajara ta isar da saƙona, Baba ko ɗago kai bai yi ba.

"Gaya wa wancan, wancan karon masara, wannan karon kuma addinin Indiyawa zai kai ni?"

Na koma na gaya wa Kofur. Bayan kwana biyu sai ga shi a Gude a kan keke, tun daga Kabo, ko haki ba ya yi. Ya girmi Baba nesa ba kusa ba, don haka dole aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Suka yi hirar damina da tsadar taki da cutar shanu, bai ambaci ƙafa ba ko sau ɗaya. La'asar ta yi, ya ce su yi jam'i a nan. Ya shiga gaba, Baba yana kan kujera a damansa. Ni ina leƙe ta ƙofa, kuma Allah ya yafe wa Baba, na ga idonsa ba ya kan wurin sujada, yana kan gwiwoyin tsohon nan da ke naɗewa suna buɗewa kamar na ɗan shekara goma. Da suka sallame, Baba ya yi gyaran murya.

"Malam Mato, abin nan naku, akwai abin da ake faɗa a ciki? Ko wani abin da ake durƙusa wa?"

"Ni dai bisimilla nake yi in fara. Wanda ya koya mini yana da nasa addinin, ya bar shi a wurinsa, ni ma na riƙe nawa. Jijiya ce kawai, Malam. Ka taɓa ganin saniya ta tashi daga kwanciya ba ta yi miƙa ba?"

Aka kawo saniya cikin magana, Baba ya sauko.

Haka na fara goya shi zuwa Kabo da sassafe. Ni kuwa murna ta cika ni, don ni na gano wurin. Nakan shimfiɗa masa tabarma, in zauna dab da shi, in riƙa ba shi ƙarfin gwiwa irin yadda na ga ana yi a wurin Ɗanliti: "Yauwa! Saura kaɗan! A ƙara!" Kofur zai ce ya jawo diddige zuwa jikinsa a hankali, ya tsaya inda ya fara jin zafi, ya yi numfashi a wurin. Baba zai jawo ƙafar kamar faɗin yatsa, ya tsaya, fuskarsa kamar an sassaƙa ta da dutse.

"Akwai zafi?"

"Babu."

"To ƙara."

"Iyakarta ke nan."

Sauran dattawan suna nishi, suna kiran iyayensu da suka rasu tun kafin a yi kwalta, wani har hawaye yake yi yana dariya. Baba shiru. Mako ya bi mako, ƙafa tana nan yadda take. Ran nan muna shirin tafiya, na ji ya ce wa Kofur ya gode, amma daga yau ya haƙura, abin da Allah ya rubuta ke nan, kujera ma ai salla ce. Ya faɗe shi da murya irin ta wanda ya gama rufe kabari. Kofur ya bar shi yana sa takalmi, ya ja ni waje ta hannun riga.

"Kai, kai ne na fari a wurinsa?"

"Ni ne."

"Na fari na fari? Ba wanda ya rasu kafin kai?"

"Babu."

Ya dafe kai. "Kai amma ni ma tsufa ya kama ni. Na ɗauka ƙanensa ne kai, ko ɗan wansa, da na ga bakinka ba ya rufuwa a gabansa. Yaro, wannan gwiwar ba za ta buɗe ba sai mai ita ya yi nishi, ya yi kuka in ta kama. Ubanka kuwa gara ya mutu a kan kujerar nan da ya ce wash a gabanka. Ba ƙafar ce ta ƙi ba. Kai ne ka zauna a kanta."

"To ni me zan yi?"

"Ka kawo shi, ka ɓace."

Ban san abin da ya gaya wa Baba ba, amma washegari mun koma. Na sauke shi a ƙofa, na ce wa bango zan je in sha shayi. Ban tafi ba. Na zauna a kan babur a gindin dalbejiyar da ke gefen ginin, raina a ɓace, ina cewa ni na sha rana, ni na kusa mutuwa a ƙarƙashin gwangwanin fenti, yanzu ni ake kora. Ina cikin wannan sai na ji wata murya ta fito ta cikin langa-langa. Ban gane ta ba da farko. Nishi ne mai tsawo, daga can ƙasan ciki, ya ƙare da "Wayyo Allah, wayyo Inna." Baba ne. Baban da ya karye a cinya aka ɗauko shi a amalanke bai ce uffan ba, wanda mai ɗori ya ja ƙafarsa ya dai kalli rufin ɗaki. Ashe duk wannan yana cikinsa, yana riƙe da shi tun kaka, saboda ni. Na ji kamar in fasa ƙofar in shiga, na kuma san idan ya gane ina ji, shi ke nan an gama. Sai na buga babur na tayar, na murɗa shi yana ƙara, da man da ya fi turare tsada, don ya ɗauka na tafi, don ni ma kada in ƙara ji. Sannan na tafi da gaske. Mai shayin tasha ya tambaye ni ko hayaƙi ne ya shiga idona, na ce eh.

Saboda haka, ku da kuke tambayata yadda aka yi Baba ya warke, ban gani ba. Ni da na nemo wurin, ban ga ko rana ɗaya ta aikin ba. Na sha shayin tashar Kabo har mai shayin ya fara tambayata shawara a kan aurensa. Abin da na sani alamu ne kawai. Na fara jin ƙafar tana matsowa jikin babur idan na goya shi, ba ta tare hanya kamar da. Hajara ta ce ta ga ya rufe ɗaki da rana tana jin numfashi. Wata rana Inna tana wanki ta ɗaga wandonsa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa bokiti, da ƙarfi yadda zan ji, "Ikon Allah, yau ga ƙasa a gwiwar wando." Ni kuma da yamma sai in zagaya bayan rumbu in yi ta fama da gwangwanayen madarata, don haushi ya sami wurin zuwa.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwan farko da dare, gari ya wayi da ƙamshin ƙasa. Aka kira la'asar. Baba ya fito da alwalarsa ya tsaya a tsakar gida.

"Hajara, gaya wa wancan ya ɗauko kujera."

Na ɗauko, na bi shi a baya har masallaci. Mutane suka yi ta yi masa barka da fitowa, aka matsa masa a ƙarshen sahun farko. Na ajiye kujerar a bayansa, na juya zan koma sahun baya inda na saba, sai ya kalli bango ya ce, "Nan ma akwai wuri." Na tsaya a gefensa na hagu, gefen ƙafar. Aka tayar da salla. Ya yi ruku'u a tsaye. Liman ya yi kabbarar sujada, kowa ya tafi ƙasa, ni ma na tafi, ina jiran in ji ƙarar kujera. Ban ji ba. Abin da na ji shi ne numfashi, irin na gidan Kofur, dogo, a hankali, da ƙarar riga tana saukowa kaɗan-kaɗan kamar ana sauke tulu cike da ruwa. Sannan tabarmar da ke kusa da kunnena ta motsa. Bai kamata in kalla ba, ban kuma kalla ba, amma na ji shi a wurin, kafaɗarsa tana gogar tawa, yana tasbihi. Ban san abin da ni na karanta a wannan sujadar ba.

Sai liman ya yi kabbarar miƙewa. Sahu ya tashi. Baba bai tashi ba. Sauka ya koya. Tashi daga ƙasa babu abin dafawa, ashe da saura. Ni ma na tsaya a durƙushe, ban san abin yi ba: in kama shi, na kunyata shi a gaban jama'a, in miƙe, na bar shi a ƙasa. Sai na ji hannu a kafaɗata. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa dafa ni ba. Hannun ya sauka da nauyinsa gaba ɗaya, nauyin mutumin da ya yi shekaru yana kayar da bijimai, na ji ƙashin bayana yana salati. Na cije, na kafe, na tashi da shi a hankali, muka miƙe tare. Haka muka yi a kowace raka'a har aka sallame. Kujerar tana bayanmu, ba wanda ya zauna a kanta.

Da muka fito, akwai yashi a goshinsa, ya manne saboda damshi. Wani maƙwabci ya nuna masa ya share, Baba ya yi kamar bai ji ba. Da shi ya shiga gida. Inna ta gani, ta juya ta shiga madafa da sauri, wai tuwo zai kama, alhali ko wuta ba a hura ba. Baba ya zauna a bakin ƙofa, ya kira Hajara. Ina tsaye a gabansa, kujera a hannuna.

"Gaya wa wancan, gwangwanayen nan da ya ɓoye a bayan rumbu, ya ci gaba da ɗagawa. Kafaɗar tasa da saura."

Gwiwar ba ta taɓa naɗewa duka ba. Har yau idan ya zauna tahiya, ƙafar hagu tana ɗan miƙe a gefe, kuma ranar da aka kwana ana ruwa yakan koma kan kujera. Mai gidan kallon ya karɓi wurinsa ya zuba taki a ciki, Kofur da dattawansa sun koma gindin dalbejiya, ina kai Baba can, in wuce wurin mai shayi. A masallaci wurina yana gefensa na hagu. Sunana kuwa har yanzu bai faɗa ba.